Jan hatimi ba ya hana asara: Lauya za ka nema ko notari?

 A wannan makon za mu ɗan ajiye zancen abinci da magani, mu taɓa zancen takarda. Dalili kuwa shi ne, na lura akwai hawan jinin da ba gishiri ke kawo shi ba, takarda ce da aka sa wa hannu ba tare da an san abin da ke cikinta ba.

Bari in fara da labarin wata baiwar Allah da muka zauna unguwa ɗaya da ita a Agege. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Da aka raba gado, sai ta haɗa tumuninta da kuɗin adashi da ɗan abin da take samu a sana'ar abinci, ta ce za ta sayi fili a can wajen Sango Ota, ko yaran sa samu inda za su sa haƙarƙarinsu wata rana. Mai filin ya ɗauke ta ya kai ta wani ofis, aka fito da takarda shafi uku da Turanci. Ta dangwala yatsa, shi ya sa hannu, wani mai kwat ya manna jan hatimi, ya danna masa ƙarfe har tambari ya fito raɗau. Ta dawo gida tana murna, ta naɗe takardar a leda ta sa ƙarƙashin akwati.

Bayan shekara biyu ta tara kuɗin bulo ta je ganin wurin, sai ta tarar wani ya kai gini linta. Shi ma da tasa takardar. Da aka kai wa lauya tata ya karanta, sai ya girgiza kai ya ce: "Hajiya, wannan ai takardar wakilci ce aka ba ki, ba ta ciniki ba. Kuma filin na dangi ne, wanda ya karɓi kuɗinki ɗaya ne kawai daga cikin 'ya'yan gidan, babu hannun shugaban dangin a nan." Ta ce: "To Barista, hatimin fa? Na jabu ne?" Ya ce: "Hatimin na gaskiya ne. Abin da ya shaida kawai shi ne ke kika dangwala, shi kuma ya sa hannu. Bai ce filin nasa ba ne."

Wannan amsa ta lauyan ita ce darasinmu na yau. Da yawa daga cikinmu, da zarar mun ga jan hatimi sai hankalinmu ya kwanta, mu ɗauka hukuma ta duba komai ta amince. Alhali wanda ya buga hatimin da wanda zai kare maka haƙƙinka, aikinsu daban-daban ne.

Wane ne wane?

Mutum uku ne ka fi haɗuwa da su a harkar takardu a ƙasar nan, kuma ya kamata ka san aikin kowa.

Na farko shi ne lauya. A Ingila an raba aikin gida biyu: akwai barista mai tsayawa gaban alƙali a manyan kotuna, akwai solisita mai zama a ofis yana ba da shawara da tsara takardu. A Najeriya kuwa an haɗe su. Duk wanda ya gama makarantar horar da lauyoyi aka rantsar da shi, ana rubuta sunansa a kundin Kotun Ƙoli a matsayin barista kuma solisita. Saboda haka wanda muke kira Barista a unguwa, shi ne dai solisitan da ake faɗa. Idan ka ɗauke shi aiki, naka ne. Zai saurari buƙatarka, ya bincika, ya faɗa maka inda rami yake, ya tsara takardar yadda za ta kare ka, ya kuma riƙe sirrinka.

Na biyu shi ne notari. A Najeriya shi ma lauya ne, amma wanda Alƙalin Alƙalan ƙasa ya ba ƙarin matsayi bayan ya ga ya cancanta. Ke nan kowane notari lauya ne, amma ba kowane lauya ne notari ba. Idan ya sa hular notari, aikinsa shaida ce. Zai duba katin shaidarka ya tabbatar kai ne, ya ga ka sa hannu a gabansa da son ranka, ya rantsar da kai idan takardar rantsuwa ce, ko ya gwada kwafi da takardar asali ya ce sun yi daidai. Daga nan ya buga hatiminsa. Ba ya ɓangaren kowa. Ba aikinsa ba ne ya je ya binciko ko filin na mai sayarwa ne, ko ya ce maka sharaɗi na bakwai zai cuce ka, sai fa idan ka ɗauke shi a matsayin lauyanka ka biya shi kuɗin wannan aikin daban.

Na uku shi ne kwamishinan rantsuwa, wanda za ka samu a rajistarar kotu. Shi jami'in kotu ne da ke rantsar da mutane a kan takardar da muka fi sani da afidabit. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma na gwamnati ne.

Ga 'yan'uwanmu masu zirga-zirga zuwa Nijar ko Kwatano, a kula. A ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa, notari babban jami'i ne da shi kansa ke tsara takardun cinikin gida da fili, sana'arsa daban da ta lauya. Wanda ya saba da can zai iya ɗauka hatimin notarin Legas ko Abuja yana ɗauke da wannan nauyin. Tsarin ba ɗaya ba ne.

Inda lauya ya zama dole

Duk takardar da za ta raba ka da dukiya, ko ta ɗora maka wani nauyi na shekaru, ko ta shafi makomar 'ya'yanka, lauya take so tun kafin a rubuta ta.

Babba a nan shi ne cinikin fili ko gida. Doka ma ta keɓe wa lauyoyi aikin tsara takardun ƙasa da gidaje don a biya su, ba aikin mai shagon buga takardu ba ne, ba kuma na dillali ba. Abin da kake biyan lauya a nan ya wuce rubutu. Zai je ofishin rajistar filaye, a Alausa idan Legas ce, ko ofishin AGIS idan Abuja ce, ya duba sunan wa ke kan filin, ko an jinginar da shi a banki, ko yana cikin wuraren da gwamnati ta karɓe. Zai sa safiyo ya auna, a tabbatar filin da aka nuna maka shi ne wanda ke cikin taswira. Idan filin dangi ne, kamar yadda aka fi samu a ƙasar Yarbawa, zai tabbatar shugaban dangi da manyan gidan sun sa hannu, domin kotuna sun daɗe da yanke cewa cinikin da ɗan gida ya yi shi kaɗai ba da yardar shugaban dangi ba, ɓatacce ne tun daga tushe.

Bayan an biya kuɗi ma da sauran aiki. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma ta ce ba a mayar da haƙƙin mallaka daga wani zuwa wani sai da amincewarsa. A Abuja Ministan Babban Birnin Tarayya ne ke wannan aikin. Sai an biya harajin takarda, an yi mata rajista, sannan za ka ce ka kammala. Hatimin notari ba ya tsayawa a madadin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ka kuma kiyayi abin da ya faru da maƙwabciyar tamu. Takardar wakilci izini ce kawai da wani ya ba ka ka yi abu a madadinsa. Ita kaɗai ba ta mayar da fili naka. Idan mai sayarwa ya ce ka karɓi takardar wakilci "kafin a gama sauran", to ka nemi lauya kafin kuɗinka ya bar hannunka.

Wani kuskuren da muke yawan yi shi ne dogara da lauyan mai sayarwa, wai don a rage kashe kuɗi. Lauyan mai sayarwa na mai sayarwa ne, ko da kai ne aka caja kuɗin takardar. Haka lauyan mai gidan haya. Idan hayar shago ce ta shekaru, ko za ka zuba kuɗi ka gyara wurin, ka kai takardar wa naka lauyan ya karanta. Ɗan abin da za ka ba shi bai kai kuɗin zirga-zirgar kotu ta wata uku ba.

Wasiyya ma tana wannan sahun. Wasiyyar da ake rubutawa bisa dokar boko ba ta buƙatar hatimin notari. Abin da take buƙata shi ne mai wasiyya ya sa hannu a gaban shaidu biyu da suke tare a lokaci ɗaya, su ma su sa nasu. Kuma idan ka sa wanda ka yi wa kyauta a cikin wasiyyar ya zama shaida, shi ko matarsa, kyautar na iya faɗuwa. Ga Musulmi kuma akwai iyakar sulusi, da hukuncin cewa ba a yi wa magaji wasiyya. Dokokin wasiyya sun bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka mazaunin Legas ko Ibadan ko Fatakwal da ke son a raba dukiyarsa bisa Shari'a, ya zauna da malami ya kuma zauna da lauyan da ya san ɓangarorin biyu. Kada ka bar wa 'ya'yanka takardar da za su yi shekaru suna fassara ta a kotu.

Inda notari ke da amfani

Kada wannan bayani ya sa ka raina notari. Akwai wurin da ba mai yi maka aikin sai shi, wato idan takardarka za ta ƙetare iyakar ƙasa. Jami'in da ke zaune a Alƙahira ko Landan bai san sa hannunka ba, bai san hedimastan makarantar ɗanka ba. Abin da ya sani shi ne hatimin notari.

Saboda haka idan yarinyarka ta samu gurbin karatu a waje aka ce a turo kwafin takardun makaranta da aka tabbatar, notari za ka nema. Idan uwa za ta fita da yaro neman magani ba tare da uban ba, aka nemi takardar amincewar uba, galibi a gaban notari ake sa mata hannu. Haka takardar ɗaukar nauyin mara lafiya, ko kwafin fasfo da wani banki ko asibiti na waje ya nema.

Sai dai hatimin notari sau da yawa matakin farko ne kawai. Ƙasashe da dama za su so takardar ta bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja a tabbatar da ita, sannan ofishin jakadancinsu ya buga nasa. Takardun karatu kan fara bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. Shawarata ita ce, kafin ka biya kowa sisin kwabo, ka tambayi wanda zai karɓi takardar, makaranta ce ko asibiti ko ofishin jakadanci: wane hatimi kuke so, kuma wanne ne farko? Wannan tambaya ɗaya takan hana tafiya Abuja sau biyu.

Haka nan idan ɗanka ne yake waje yana son ya wakilta ɗan'uwansa ya kula masa da gida ko ya karɓar masa haya a nan. Hanyar da ta fi ita ce lauya a nan gida ya tsara takardar wakilcin, a tura masa, shi kuma ya sa hannu a gaban notarin can ko a ofishin jakadancin Najeriya. Dokar Shaida ta 2011 ta ce kotu za ta ɗauki takardar wakilcin da aka sa wa hannu a gaban notari ko jami'in jakadanci a matsayin wadda aka yi ta yadda ya kamata, sai in an kawo hujjar akasin haka. Ka ga a nan kowa ya yi aikinsa: lauya ya tsara, notari ya shaida. Sabuwar dokar notari ta 2023 ma ta buɗe ƙofar yin wannan shaida ta bidiyo da hatimin kwamfuta, amma ka fara tambayar wanda zai karɓa ko ya yarda da irin wannan.

Inda kwamishinan rantsuwa ya isa

Yawancin ƙananan takardun da iyali ke buƙata a cikin gida Najeriya, ba sai an je wajen notari ba. Rantsuwar shekarun haihuwa, gyaran suna, ɓatan katin shaida ko layin waya, duk ana yin su a rajistarar kotu a kan kuɗi kaɗan. Ka je da kanka, ka shiga ciki, ka biya a inda ake biya, ka karɓi rasit, ka sa hannu a gaban jami'in. Ka guji masu tare mutane a bakin ƙofar kotu suna cewa "kawo in yi maka yanzu-yanzu." Takardar da aka rantse a madadinka kana zaune a gindin bishiya, ranar da ka fi buƙatarta za ta ba ka kunya.

Abu biyu a nan. Na ɗaya, afidabit rantsuwa ce, kuma yin ƙarya a cikinta laifi ne da ake hukunta mutum a kai. Rage wa yaro shekaru don makaranta ko aiki yakan dawo ya sarƙe shi ranar da lambar NIN da fasfo da takardar banki suka ƙi haɗuwa. Na biyu, ga jaririn da aka haifa yau, hanya mafi sauƙi ita ce a yi masa rajista da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a karɓi takardar haihuwa tun yana goye. Uwargida, idan kin je rigakafi ki tambayi inda ake yi, ki hutar da ɗanki rantsuwa nan gaba.

Idan dattijon gida ya kwanta ciwo

Nan ne zancen takarda ke haɗuwa da zancen lafiya, kuma nan ne iyalai suka fi shiga ruɗani. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko mantuwar tsufa ta fara kama shi, ga kuɗin asibiti ana nema, ga kuɗinsa a banki ba mai iya taɓawa. Sai a ruga neman wanda zai zo ya buga hatimi a dangwala masa yatsa a gadon asibiti.

Notarin kirki ba zai yarda ba idan ya ga mara lafiyar bai san abin da ake yi ba, kuma gaskiyarsa ce. Takardar da aka sa wa hannun wanda hankalinsa ba ya tare da shi, kowane ɗa daga cikin 'ya'yan zai iya ƙalubalantarta gobe, zumunci ya lalace. Lokacin yin takardar wakilci shi ne lokacin da dattijo yake cikin hayyacinsa. A zauna da shi da lauya, ya faɗi wanda ya amince wa da bakinsa, a rubuta iyakar abin da wakilin zai yi: karɓar haya ne kawai, ko har da cire kuɗi, ko har da sayarwa. Kada a bar ta a buɗe. A kuma tambayi lauyan abin da zai faru da takardar idan ciwo ya taɓa hankalin mai ita, domin wakilci na yau da kullum ba ya ɗorewa a kowane hali. Idan akwai shakka a kan lafiyar ƙwaƙwalwarsa, a nemi likitansa ya rubuta shaidar halin da yake ciki a ranar.

Ka kuma sani, wakilci irin wannan yana ƙarewa da rasuwar wanda ya ba da shi. Daga ranar dukiyar ta zama ta magada. Shi ma wanda aka rubuta sunansa a fom ɗin banki a matsayin makusanci, wannan bai sa ya zama mai kuɗin ba. Galibi banki zai nemi takardar kotu da ta ba da izinin kula da dukiyar mamaci, wadda ake nema a sashen gado na babbar kotun jiha. Wasiƙar dangi mai jan hatimi ba za ta buɗe asusun ba. Wannan aiki ne da lauya zai taimaka a kai.

Kafin ka sa hannu

Ka yi wa kanka tambaya biyu. Shawara nake nema ko shaida? Kuma ina takardar za ta? Idan ba ka fahimci abin da ke ciki ba, ko akwai dukiya mai nauyi a kai, lauya. Idan ka riga ka san abin da ke ciki, shaida kawai ake so kuma waje za ta, notari. Idan ƙaramar rantsuwa ce ta cikin gida, rajistarar kotu.

Ka tabbatar wanda ke gabanka lauyan gaske ne. Kowane lauya yana da lambar rajista ta Kotun Ƙoli, kuma takardar da ya tsara takan ɗauki ɗan hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya mai sunansa. Tambayar wannan ba rashin kunya ba ce. Ku yi cinikin kuɗin aiki tun farko, ka karɓi rasit.

Idan ba ka karanta Turanci, kada kunya ta sa ka yi shiru. Doka ta tanadi cewa wanda ya rubuta wa wanda bai iya karatun takarda ba, ya karanta masa ita, a fassara masa da harshen da yake ji, a kuma rubuta a jikinta cewa an yi hakan. Ka je da ɗanka ko wani amintacce naka, ba tafintan da ɗaya ɓangaren ya kawo ba. Kada ka sa hannu a farar takarda ko wadda aka bar gurabe a cikinta, kuma kada ka bar ofishin ba tare da naka kwafin ba.

Wanda ba shi da halin biyan lauya, kada ya ce shi ke nan. Hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya tana da ofisoshi a jihohi, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana sauraron koken mata da yara, Jihar Legas kuma tana da ofishin lauyoyin gwamnati masu tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Ko ba su ɗauki aikinka ba, za su nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Ita dai maƙwabciyar tamu, bayan zaman sulhu da dattawan zango suka shiga, an dawo mata da wani ɓangare na kuɗinta a hankali, amma filin ya tafi. Kwanakin baya ta sake samun wani wurin. Wannan karon, kafin ta ba da ko kuɗin kafin alƙalami, sai da ta kai takardun wa lauya ya yi mako uku yana bincike.

Mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, za mu duba takardun da ya kamata kowane gida ya tanada a wuri ɗaya, daga katin rigakafin yara zuwa takardar aure. Allah Ya tsare mana iyalanmu da dukiyoyinmu.